Mota Mai Amfani da Fetur da Lantarki: Yadda Take Aiki da Wanda Ya Dace Ya Saya

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur, lissafin duk mai abin hawa ya sauya. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 a gidajen mai ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce naira 1,000 a wurare da dama. Mu mutanen Kazaure, Babura, Roni da Gwiwa, da sari da asibiti da hidimar ofis ke yawan kai mu Kano, Dutse ko Daura, mun ji abin a jikinmu. Wasu sun jingine motocinsu sun koma babur, wasu kuma ba sa tayar da mota sai tafiya ta zama dole.

A cikin wannan hali ne labarin motar da ake kira haibirid ya fara yawo a majalisu da tashoshin mota. Wani ya ce ai ita ba ta shan mai sam. Wani ya ce tarko ce, ranar da batirinta ya mutu ta zama ta 'yan gwangwan. Kowace magana a cikin biyun tana da ɗan ƙamshin gaskiya, amma ba wadda ta isa mutum ya ɗora dukiyarsa a kanta. Ya kamata mu fahimci motar tukuna, sannan kowa ya auna ta da irin tafiyarsa da ƙarfin aljihunsa.

Mece ce motar haibirid?

Mota ce mai injina iri biyu a jiki ɗaya: injin fetur irin wanda muka saba da shi, da injin lantarki wanda ke samun wuta daga wani babban batir da aka ajiye a ƙarƙashin kujerar baya ko a bayanta. Kwamfutar motar ce ke zaɓar wanda zai ja tayoyi a kowane lokaci, ko ta haɗa su su ja tare. Direba ba ya danna komai don wannan. Totur da birki kawai yake takawa, kamar yadda yake yi a kowace mota mai canza giya da kanta.

Wanda ya san gidan da aka haɗa janareta da inbata zai gane tsarin cikin sauƙi. Idan fitila da fanka kaɗai ake buƙata, batir ya wadatar, janareta na kashe. Idan aiki ya yi nauyi sai a tayar da janareta, ya ɗauki aikin, rarar wutarsa kuma ta cika batir. Haka motar take yi, sai dai ita takan sauya tsakanin biyun sau da yawa cikin minti ɗaya ba tare da fasinja ya lura ba.

Dabarar ba ta yau ba ce. Tun wajen 1900 Ferdinand Porsche ya ƙera mota mai haɗa injin fetur da na lantarki a ƙasar Ostiriya, amma nauyi da tsadar batir na wancan zamani suka hana ta yaɗuwa. Sai a Disamban 1997 kamfanin Toyota ya fitar da Prius a Japan, wadda ita ce ta farko da aka ƙera da yawa don kasuwa, Honda kuma ya biyo da Insight a 1999. Zuwa farkon 2017 Toyota kaɗai ya sayar da irin waɗannan motoci sama da miliyan 10. Yau akwai Camry, Corolla, RAV4, Highlander da Lexus RX masu wannan tsari, kuma a ido kusan ba su da bambanci da 'yan'uwansu na fetur zalla, in ban da tambarin da ke jikinsu.

Daga ina ragin man yake fitowa?

A motar fetur da muka sani, mafi yawan ƙarfin da ke cikin mai ba ya kaiwa ga taya. Zafi ne yake zama, ya fita ta salansa da lagireto. Asarar ta fi yawa a wurare uku, kuma a nan ne haibirid take cin ribarta.

Na farko, lokacin tsayuwa. Motar da ke tsaye a cunkoso, a shingen bincike ko a bakin kasuwa da injinta a kunne, mai take ƙonawa ba tare da ta motsa ba. Haibirid takan kashe injin fetur da zarar ta tsaya, batir ya ci gaba da riƙe fitilu da na'urar sanyaya ɗaki, sai in ya yi ƙasa injin ya tashi ya cika shi.

Na biyu, lokacin tashi da tafiya a hankali. Injin fetur ya fi shan mai idan zai ɗaga mota daga tsaye. Injin lantarki kuwa yana ba da cikakken ƙarfinsa tun daga juyin farko, saboda haka shi ake bar wa wannan aiki, injin fetur ya shigo idan gudu ya miƙa. Da yake yana da mataimaki, an ƙera injin fetur ɗin ta yadda zai fi tattalin mai ko da ƙarfinsa ya ɗan ragu.

Na uku, lokacin taka birki. A sauran motoci, duk gudun da aka tara da kuɗin mai yakan ƙare ne a zafin takalman birki. A haibirid, idan direba ya ɗaga ƙafa daga totur ko ya taka birki a hankali, tayoyi ne ke juya injin lantarki, ya koma mai samar da wuta, ya mayar da wani kaso na wannan ƙarfi cikin batir. Wanda ke gangarowa daga tudu a yankin duwatsun Roni ko Kazaure, batirinsa cika yake yi a kan hanya. Wannan na cikin abin da ya sa ba a jona irin wannan mota da wutar gida, kuma shi ya sa takalman birkinta suke daɗewa.

Alƙaluman hukumar kare muhalli ta Amurka, wadda ke gwada shan man motoci, sun nuna girman bambancin. Prius ƙirar 2010 tana yin kusan kilomita 22 da lita ɗaya a cikin gari, da kusan 20 a babbar hanya. Corolla ta wannan shekara mai canza giya da kanta tana yin kusan kilomita 11 a cikin gari, da 14 zuwa 15 a babbar hanya. Mu lura da abu biyu. A cikin gari ragin ya kai rabi, a doguwar hanya kuwa bai wuce kashi ɗaya cikin uku ba, domin idan mota ta miƙe da gudu ɗaya ba tsayawa, injin fetur ne ke ɗauke da kusan dukan aikin. Sannan waɗannan alƙaluma na sababbin motoci ne a kan hanya mai kyau. Tsohuwar mota mai lodi a cikin zafin bazara ba za ta kai haka ba.

Ba duka ne iri ɗaya ba

Sunan ɗaya ne, amma motocin kashi uku ne, kuma rashin bambance su yana jawo da-na-sani.

Akwai cikakkiya, wadda muka bayyana a sama, mai cika batirinta da kanta, mai iya ɗan tafiya kaɗan da lantarki zalla. Ita ce ta fi yawa a cikin waɗanda ake shigowa da su na hannu, kuma ita ce ta fi dacewa da inda wutar lantarki ba ta da tabbas.

Akwai 'yar ƙarama, mai ƙaramin batir da ke taimaka wa injin fetur wajen tashi kawai. Ba ta tafiya da lantarki shi kaɗai, ragin manta kuma kaɗan ne. Bai kamata a biya kuɗin cikakkiya a kanta ba.

Akwai kuma wadda ake jonawa da wuta, mai babban batir da zai iya kai mota kilomita da dama kafin injin fetur ya tashi. Sanannen misalinta shi ne Chevrolet Volt, wadda ta shiga kasuwar Amurka a ƙarshen 2010, tana yin sama da kilomita 50 da cajin batir kaɗai. Abin alfahari ne a gare mu cewa ɗan Sakkwato, Jelani Aliyu, shi ya zana siffar samfurinta na farko da kamfanin General Motors ya nuna a 2007, kafin ya dawo gida ya shugabanci hukumar bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa daga 2017 zuwa 2023. Sai dai amfanin irin wannan mota ya rataya ne ga samun wuta a kai a kai. Wanda ba shi da tsayayyar wuta ko isasshen lantarkin hasken rana a gida, zai biya kuɗin babban batir ya riƙa yawo da nauyinsa ba tare da ya more shi ba.

Mu yi lissafi

Amsar ko motar ta cancanci saye tana cikin biro da takarda. Bari mu ɗauki misali, kowa ya sauya alƙaluman da nasa. A ce motar fetur tana yin kilomita 12 da lita, haibirid ta hannu kuma tana yin 18, lita kuma naira 1,000 ce.

Ɗan kasuwa ko ma'aikacin da ke zirga-zirga tsakanin Kazaure da Kano, yana kuma yawo a cikin birnin, a ce yana cin kilomita 1,500 a wata. Da motar fetur zai sha lita 125, da haibirid kusan 83. Ya rage lita 42, wato naira 42,000 a wata, kusan rabin miliyan a shekara. Malamin da ke zaune a Gwiwa, wanda motarsa ba ta wuce kilomita 400 a wata, lita 11 kawai zai rage, wato naira 11,000 a wata, 132,000 a shekara.

Yanzu sai kowannensu ya tambayi dillali nawa haibirid ta ɗara 'yar'uwarta ta fetur mai shekaru ɗaya da lafiya ɗaya, ya kuma tambayi masu kayan gyara nawa ne sauya babban batir a yau. Ya haɗa kuɗin biyu, ya raba da abin da zai rage a shekara. Idan cikin shekara biyu ko uku ragin mai zai mayar da kuɗin, ciniki ya yi kyau. Idan sai an shekara takwas ko goma, motar fetur ƙarama mai lafiya ta fi masa. Mai yawan tafiya ne ke cin moriyar wannan mota, musamman mai yawan tsayawa da tashi.

Batir da yanayin ƙasarmu

Babban batir shi ne abin da ake tsoro, kuma tsoron yana da dalili. A Prius ta 2004 zuwa 2015, ƙananan batura 28 ne aka jera suka ba da wuta mai ƙarfin bolt kusan 200. Kwamfuta ba ta barinsa ya cika maƙil ko ya ƙare ƙarƙaf, shi ya sa yake shekaru yana aiki. A Amurka, Toyota ya daɗe yana ba shi garantin shekara 8 ko kilomita 160,000, daga ƙirar 2020 kuma ya ƙara zuwa shekara 10 ko kilomita 240,000. Matsalarmu ita ce mafi yawan motocin da ke isowa kasuwanninmu, waɗanda muke kira 'yan Kwatano, sun riga sun cinye wannan wa'adi a hannun masu su na farko. Mai saye yana karɓar batir ne da ya tsufa, kuma ba garantin da zai bi shi.

Zafi yana gaggauta tsufan batir, mu kuwa a watannin Afrilu da Mayu zafinmu yakan haura digiri 40. Batirin yana shan iska ne ta wata 'yar fanka da ke zuƙowa daga cikin ɗakin motar, ta wata kafa a gefen kujerar baya. Ƙurar hunturu da ta hanyoyin burji takan toshe fankar, haka ma idan aka jibga kaya ko mayafi ya rufe kafar. Batir ya yi ta ɗaukar zafi ba wanda ya sani, har fitilar gargaɗi ta kama. Wannan lalacewa ce da share fanka lokaci-lokaci zai hana.

Ruwa ma abin kiyayewa ne. Da damina, inda kwari ya cika ko ruwa ya haye kwalta, kada a kutsa da kowace mota, balle wadda ke ɗauke da batir mai ƙarfin wuta a ƙasan kujera. Sannan Prius da Camry gajeru ne, cikinsu kusa da ƙasa yake. Wanda hanyar garinsu yashi ce ko gargada, ko mai lodin buhunan gero da gyaɗa ranar kasuwa, ya san ba don wannan aiki aka ƙera su ba. Akwai masu tsayi irin RAV4 da Highlander, amma sun fi tsada kuma ragin mansu bai kai na ƙananan ba.

A ɗaya gefen, akwai kayan da haibirid ta hutar da mai ita gyaransu. Irin ta Toyota ba ta da kulocin da ake takawa, ba ta da kik irin na sauran motoci, ba ta da dinamon caji daban, domin injin lantarki ne ke yin waɗannan ayyuka. Wannan na cikin abin da ya sa 'yan tasi a manyan biranen duniya suka rungume ta.

Kafin a biya kuɗi

Araha ba ta ado. Duk wanda ya yi niyyar saye, ya fara neman makaniken da ya san irin motar kafin ya nemi motar. Idan mafi kusa yana Kano, ya saka kuɗin zuwa da na jan mota cikin lissafinsa, ya kuma leƙa kasuwar kayan gyara irin ta Ƙofar Ruwa ya ji ko ana samun kayan ƙirar da yake so.

Ranar duba mota, a je da mai kwamfutar gwaji wanda zai jona ta ya karanta lafiyar kowane rukuni na batir. Idan ƙarfin wani rukuni ya yi nesa da na sauran, batir ya fara gajiya ko da fitilar gargaɗi ba ta kama ba. A tuƙa motar aƙalla rabin awa da na'urar sanyi a kunne, ana kallon ma'aunin batir a allon gaba. Batir mai lafiya a hankali yake cika, a hankali yake sauka. Wanda ke cika nan take ya zube nan take, ya raunana. Injin fetur da ya ƙi mutuwa idan an tsaya, ko fankar baya da ke ta kuka, su ma alamu ne. A ɗaga shimfiɗar but a duba tsatsa ko busasshen laka, domin ana shigo da motocin da ambaliya ta taɓa cinyewa a ƙasashen waje. A tambaya ko an taɓa buɗe batirin. Sauya ƙaramin batir ɗaya ko biyu a cikin tsofaffi yakan kashe fitilar gargaɗi na ɗan lokaci, amma sauran ma suna kan hanya.

Bayan an saya

Wayoyin da aka rufe da roba mai ruwan lemo su ne masu babbar wuta, kuma suna iya kisa. Kada mai wayarin da bai koyi aikin ba ya taɓa su, kada kuma mai mota ya matsa masa ya gwada. Na'urar sanyi ta mafi yawansu da lantarki take aiki, tana da manta na musamman. Idan aka zuba mata na sauran motoci za a lalata ta. Wajen juye, a zuba irin baƙin man da littafin motar ya ambata, wanda yawanci tsinkakke ne, a kuma sha fetur a inda aka amince da ingancinsa. Kada a bari tanki ya ƙafe ana cewa batir zai kai mu gida, domin abin da zai iya bai wuce tafiya kaɗan ba, kuma zuƙe shi illa ne. Motar ba a tura ta don ta tashi, ba a kuma jan ta da igiya tayoyin da ke ja suna birgima a ƙasa. A riƙa ajiye ta a inuwa, a kuma tayar da ita a kai a kai idan za ta daɗe a ajiye.

Akwai wani haƙƙi da ya shafi rayukan jama'a. Idan tana tafiya da lantarki a hankali, kusan ba a jin motsinta. A lungunanmu da yara ke wasa, tsofaffi da makafi ke tsallakawa, dabbobi ke kwance a gindin mota, dole direba ya duba kewaye kafin ya motsa, ya yi amfani da ham. Ya kuma tabbatar ya kashe ta kafin ya fita, domin shirunta ba ya nufin a kashe take, kuma injin fetur na iya tashi da kansa ya cika rufaffen gareji da hayaƙi mai guba.

Batirin da ya mutu ma amana ne. Yana ɗauke da sinadarai masu ƙuna da cutarwa, kuma wuta kan saura a cikinsa. Kada a fasa shi, kada a ƙona shi, kada a yar da shi a juji inda yara masu tsintar ƙarafa za su same shi. A mayar wa masu sana'ar batirin, waɗanda sukan karɓi tsoho a rage wa mutum kuɗin sabo.

Abin da ya rage gare mu

Haibirid tana rage shan mai da hayaƙin da muke shaƙa, amma hanya ɗaya ce cikin hanyoyi. Akwai shirin mayar da motoci masu amfani da iskar gas da Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar a 2023, wanda ribarsa ta dogara ga kusancin wurin cika gas. Akwai kuma abin da kowa zai iya yau ba tare da ya sayi komai ba: daidaita iskar taya, sauya matatar iska idan ƙura ta cika ta, rage gudu a babbar hanya, da haɗa kai a shiga mota ɗaya idan wuri ɗaya aka nufa.

Babban giɓin da ke gabanmu na masu gyara ne. Motocin nan za su ci gaba da shigowa, domin su masana'antun duniya ke ƙara ƙerawa, kuma abin da aka ƙera yau shi ne na hannun da zai iso mana bayan shekara goma. Muna da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu a Kazaure, muna da ƙungiyoyin makanikai da na direbobi a kowace ƙaramar hukuma. Idan waɗannan suka haɗu da ƙananan hukumomi da masu hali aka shirya gajerun kwasa-kwasai na gwajin kwamfuta da aikin babbar wuta, matasanmu za su samu sana'a mai daraja, masu motoci kuma su huta da jan mota zuwa Kano. Iyayen gida a gareji su ƙarfafa wa yaransu masu ilimin karatu su koyi wannan fanni tun yanzu.

Ga mai shirin saye kuwa, tambayoyi uku ne zai amsa wa kansa da gaskiya: kilomita nawa nake ci a wata kuma a wace irin hanya, wa ya gwada mini lafiyar batirin, wa zai gyara mini idan ta lalace? Wanda ya samu gamsasshiyar amsa ga duka ukun, ya saya da kwanciyar hankali. Wanda ɗaya ta kuɓuce masa, ya dakata har sai ya same ta.